Injiniyan Kwamfutar Littattafanmu Ba Ya Aiki

'Yan uwa marubuta, na gaji da jaruman littattafanmu. Sai a ce injiniyan kwamfuta ne, a Ingila ya yi karatu, amma har shafin ƙarshe ba abin da yake yi sai sauya motoci da saya wa budurwa shawarma. In ya taɓa kwamfutar ma, kuɗin banki zai sace. Yaron Ikara ko Kudan da ya karanta mu, me zai ɗauka? Kwamfuta dai POS ce, ko yahoo.

Ga sana'ar da muka tsallake: mai tantance zanen ƙwaƙwalwar na'ura kafin a ƙera ta. Farautar kuskure ce aikinsa, domin da zarar masana'anta ta buga, bakin alƙalami ya bushe. A 1994 aka gano Pentium na Intel yana kuskure wajen lissafin rabawa, kamfanin ya tafka asarar dala miliyan 475. Wace kishiya ce ta taɓa haddasa irin wannan ɓarna?

Kada wani ya ce aikin 'ya'yan masu kuɗi ne. Tsarin RISC-V, da aka fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 2010, a buɗe yake ga kowa. Manhajojin gwaji irin su Verilator da cocotb kyauta ne, an yarda ka duba cikinsu, ka gyara, ka mayar. To me ya hana jarumarka ta zama ɗalibar Nuhu Bamalli da ta zo hutu Maƙarfi lokacin saran rake, babu wuta, batir saura kaɗan, ta gano kuskure da tsakar dare, ta tura gyara, wani injiniya a Jamus ya ƙi karɓa?