Kada Mu Fasa Tsohon Rediyo

Yara, a wasu gidaje akwai tsohon rediyo mai akwatin katako, an yar da shi a lungu, ƙura ta rufe shi. Wasu na cewa a fasa shi a hura wuta. Ni ban yarda ba.

A 1958 aka buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai. Da irin wannan akwati kakanninmu da dama suka ji labarin ƴancin kai a 1960. Abin da ya kawo wannan labari ya wuce makamashi.

Gyaransa ba wuya. Babba ne zai zare wayar lantarki, ya fidda kayan ciki, don akwai haɗari. A share ƙura da tsumma. A goge da takarda mai yashi sannu sannu, a bi tsawon katakon, don fatar samansa ba ta da kauri. A shafa man ƙyalli na katako sau biyu, a bar shi ya bushe cikin inuwa. Kada a yi masa fenti, fenti yana ɓoye kyan itace.

In ya bushe, ku kai wa kaka, ku tambaye shi abin da ya ji a cikinsa.