Dogon Hutun Bana: Daga Ikko Zuwa Elmina a Mota

Duk shekara in dogon hutu ya gabato, hirar da ke tashi a ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin gwamnati ba ta wuce ta Dubai da Landan. Wanda bai da kuɗin jirgi sai ya haɗiye miyau, 'ya'yansa su ƙare hutun a gaban talabijin. Mu a ganinmu wannan kuskure ne. Ƙaramin ma'aikaci mai mota lafiyayya yana iya kai iyalinsa ƙasashen waje har uku ta hanyar da ta bi gaɓar teku daga Ikko zuwa Kwatano, Lome da Ankara, babban birnin Gana, ba tare da ya nemi biza ba. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar izinin shiga ƙasar 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90. Tsakanin Ikko da Ankara bai kai kilomita 500 ba, wato bai kai rabin nisan Kano zuwa Ikko ba.

Dalilinmu na fari shi ne ilmi, domin gani ya kori ji. Yaron da ya karanta cinikin bayi a aji huɗu ya haddace ne kawai don jarrabawa. Amma in ya tsaya a Wida, gaban Ƙofar Tafiya Ba Dawowa da aka gina a 1995, ko ya shiga kurkukun ƙarƙashin ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872, to wannan darasi ba zai fita daga zuciyarsa ba har tsufa.

Dalili na biyu shi ne zumunci. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan hanya. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, kuma Malam Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, can ya yi karantarwarsa. Akwai zango a Kwatano, akwai a Lome, ga Sabon Zango da Nima a Ankara, inda za ka yi ciniki da Hausa, ka karya kumallo da koko da ƙosai. Ya kamata 'ya'yanmu su ji harshensu a bakin mutanen da ba su taɓa ganin Dala ba. Kazalika su san cewa zumuncin ya taɓa yin rauni: Gana ta kori baƙi a 1969, Nijeriya ta yi irin haka a 1983. Matasan da suka san juna da wuya su maimaita wannan abin kunya.

Masu suka za su ce hanyar cike take da shingayen bincike da masu neman na goro, kuma iyaka tana iya rufuwa ba zato, kamar yadda Nijeriya ta rufe nata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Gaskiyarsu. Sai dai maganin wannan shiri ne, ba ƙin tashi ba. Iyakoki uku za a ƙetare: Seme, Hilakonji da Aflawo. Kowa a motar, har jariri, ya riƙe fasfonsa. A tanadi katin rigakafin cutar shawara, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mota na asali, da katin inshorar mota na ECOWAS wanda aka kafa tsarinsa a 1982. Wanda takardunsa suka cika yana da bakin magana. Wanda bai cika ba shi ne abincin mai shinge. A isa kowace iyaka da safe, kada a yi tuƙin dare, kuma a tambayi halin hanya kafin a tashi.

Batun kuɗi ma a yi shi tun a gida. Binin da Togo sefa suke kashewa, Gana kuwa sidi. A ƙididdige mai, masauki da abinci na kwana goma, sa'an nan a ware wani kaso a ɓoye saboda lalacewar mota ko rashin lafiya. Mai ɗaukar bashi don yawon buɗe ido ya sayo wa kansa baƙin ciki. Gida biyu suna iya haɗa hannu su tafi da mota biyu, in ɗaya ta tsaya ɗaya ta taimaka. Uwargida kuma a zauna da ita a tsara zango-zango, don ita ta san iyakar juriyar yara. Bakanike ya duba birki da taya kafin ranar tafiya. Tuƙi dai ba zai rikita kowa ba, gama duk ƙasashen huɗu hannun dama suke bi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A wannan gaɓa ruwan sama ya fi ƙarfi a watan Yuni, ya kan lafa a Agusta, saboda haka tsakiyar hutu ya fi dacewa. A tafi da gidan sauro. Gargaɗi mafi girma shi ne teku: ba kududdufi ba ne, igiyarsa tana jan ƙwararren mai iyo balle ɗan Arewa da ya saba da rafi. Yara su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, hannunsu cikin na babba.

Muna kira ga waɗanda za su fita daga jami'a bana su kama aiki, da waɗanda suka riga suka kama: a fara ajiye wani abu daga albashin wannan wata, a nemi fasfon yara tun yanzu kafin layi ya yi tsawo. Mun daɗe muna rubuta haɗin kan Afirka a takardun jarrabawa. Lokaci ya yi da za mu ɗauki iyalanmu mu je mu gaisa da maƙwabta.