Mu Ceto Furannin Dajin Abuja Kafin Katafila Ta Iso

Ma'aikacin gwamnatin tarayya a ƙarƙashin tambarin Najeriya yake wuni. Tambarin yana bangon ofis, yana kuma saman kowace takarda da ake sa wa hannu. Kowa ya san mikiya da dawakai biyu, amma ƙalilan ne suka taɓa lura da furannin da ke ƙarƙashin kofaton dawakin. Furen ƙasa ke nan, wanda masana ke kira Costus spectabilis, Bahaushe kuwa ya san shi da takalmin zomo. Ganyensa huɗu ne shimfiɗe a ƙasa, furensa rawaya ne ko da yake ja aka zana a tambarin. Da rani yakan ɓace ɗungum, ya bar saiwarsa a binne tana jiran ruwan fari.

Takalmin zomo yana da abokan ɗabi'a da yawa a dajinmu, tsirrai masu tara abinci a cikin albasa ko saiwa mai kauri, su yi barci da rani, su farka da damina. Akwai albasar kwaɗi mai farin fure da ratsin ja, wadda ke son fadama. Akwai hatsin manoma, mai fitar da farin fure da saukar ruwan farko. Akwai rumana mai dogon zangarniya, da baurairai mai hawa jikin ciyayi, wanda furensa ja da rawaya yake lanƙwashewa kamar harshen wuta. Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara irin waɗannan sunaye a ƙamusunsa na tsirran ƙasar Hausa. A yau da wuya ka sami matashi a Abuja da zai nuna maka ko da ɗaya.

Tun da gwamnati ta dawo Abuja a 1991 birnin yake cin daji, daga Lugbe zuwa Kuje, daga Katampe zuwa Karsana. Idan aka sare bishiya ana gani, har a yi ƙorafi. Albasar fure kuwa ba mai ganin tafiyarta, domin galibi da rani ake share filaye, lokacin da ba ta da ko ganye ɗaya a sama. Katafila takan kwashe ta tare da ƙasar, a zuba tsakuwa da siminti.

A lokaci guda kuma, masu hali a cikinmu suna dawowa daga tafiya da albasar tulip ta Holan a cikin jaka. Tulip tana buƙatar makonni da dama na sanyi mai tsanani kafin ta yi fure, sanyin da hunturunmu bai kai shi ba. In an yi sa'a ta yi fure sau ɗaya, sai ta ruɓe. Ga shi kuma shigo da shuka ba tare da izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS ba laifi ne, domin ta haka cututtukan shuka ke tsallake iyaka. Abin ban takaici, rumanarmu ta Afirka, Gladiolus dalenii, an kai ta Turai a ƙarni na 19, tana kuma cikin iyayen ire-iren da masu lambun can suke sayar wa duniya a yau.

Ra'ayina shi ne ma'aikata su rungumi renon waɗannan furanni na gida, su yawaita su, su riƙa musanya a tsakaninsu. Aikin ba shi da wuya. Albasar kwaɗi takan haifi 'ya'ya a gefenta. Idan ganye ya bushe sai a tono ta, a ɓalle 'ya'yan, a dasa kowanne a ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki, a mazubi mai huda a gindi. Ƙwayar irinta ɗanya ce, ba ta jure ajiya, don haka da ta faɗo ake ɗora ta a kan ƙasa, sai dai a yi haƙurin wasu shekaru kafin a ga fure. Rumana ma takan tara ƙananan 'ya'ya a gindinta, waɗanda ke kai wa ga fure cikin shekara biyu zuwa uku. Babban kuskure shi ne ban ruwa lokacin da shukar take barci, domin shi ke ruɓar da albasa.

Musanya tana da ƙa'ida. Kada sha'awa ta kai mu ga tonon duwatsu da fadamun da ba a taɓa ba, domin hakan ma ɓarna ce. A ceto daga filin da aka riga aka yanka don gini, da izinin mai filin, a kuma sa alama tun da damina lokacin da ake ganin shukar. Kada a ba wa aboki albasa mai laushi ko wadda ganyenta ya yi dabbare-dabbare, domin alamar cuta ce. A rubuta suna da wurin da aka samo ta. Sannan a faɗa wa mai karɓa gaskiya: yawancinsu guba ne. Saiwar baurairai tana iya kisa, albasar kwaɗi kuma ta yi kama da ta miya, saboda haka a nisanta su da madafa da hannun yara.

Na san wani zai ce a wannan marra, da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, maganar fure ta masu ƙoshi ce. Amsata ita ce wannan sha'awa ba ta cin kuɗi. Tsohon bokitin fenti ya isa. Da rani, lokacin da ɗan haya a Kubwa ko Nyanya yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, shukar ba ta neman ko ɗigo. Idan aka yi wa mutum canjin wurin aiki, ko mai gida ya ba shi takardar tashi, sai ya naɗe albasarsa a jarida ya tafi da ita.

Zai yi kyau Sashen Lambuna da Wuraren Shaƙatawa na Babban Birnin Tarayya ya keɓe kusurwa a lambunan birnin don tsirran da aka ceto, kowanne da sunansa na gida a allo. Kafin nan, ƙungiyar ma'aikata ta kowace ma'aikata za ta iya ware rana guda a watan Maris, gab da faɗuwar damina, kowa ya zo da abin da ya rara masa, ya koma da wanda ba shi da shi. Ta haka yaron da ya tashi yana ganin takalmin zomo a bakin ƙofar gidansu zai gane furen da ke ƙarƙashin dawakin nan idan ya girma.