ILIMI GISHIRIN ZAMAN DUNIYA: Iyakar da ba ta da ƴan duwan

Ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Jibiya ya ratso Ɗan Isa ya san iyaka, ya san takardunta da wahalarta. To, yau za mu yi magana a kan wata iyakar da ke can sama da kawunanmu, wadda ba a shata da ƙusa ko tubali ba, amma zaman lafiyarmu na rataye da ita.

Rana ba haske da zafi kawai take aiko mana ba. Dare da rana tana fesar da ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda masana ke kira iskar rana. Gudunta ya kai kilomita 400 a daƙiƙa guda, wato tafiyar Yamai zuwa Maraɗi ba za ta ɗauke ta daƙiƙa 2 ba. Ita kuwa duniya, Allah ya sanya mata ƙarfin maganaɗisu da ke fitowa daga narkakken ƙarfen da ke cikinta, shi ne mai juya allurar kamfas da ake neman alƙibla da ita. Inda turin iskar rana da turin maganaɗisun duniya suka yi daidai, nan iyakar take. Ta gefen rana tana da nisan kilomita 65.000 daga tsakiyar duniya, ta gefen dare kuwa iskar ta ja maganaɗisun ya yi jela har ya wuce wata.

Turawa biyu, Sydney Chapman da Vincenzo Ferraro, su suka lissafo ta da alƙalami a 1931, sai a 1961 tauraron ɗan adam na Amurka mai suna Explorer 12 ya ratsa ta ya auna.

Manoman Ɗan Saga da sauran ƙauyukan Agye, waɗanda suka raya gawo a gonakinsu don ya tare iska, sun san cewa itace yana rage ƙarfin iska ne, ba ya hana ta wucewa ɗungum. Haka wannan iyaka take. Iskar rana tana tafe da nata maganaɗisu, in ya fuskanci kudu sai ya haɗu da na duniya, ƙofa ta buɗe, ƙarfin iskar ya kwararo ciki. In kuma rana ta yi aman wuta, turin yana iya danne iyakar har ta sauko ƙasa da kilomita 36.000 daga doron ƙasa, inda taurarin talabijin da na sadarwa suke tsaye, a bar su a fili babu garkuwa.

Mai karatu zai ce, to ina ruwanmu? Amsar tana Gazawa. Layin wutar lantarki mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina nan ya iso, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Guguwar maganaɗisu kuwa dogayen wayoyi take bi, ta cusa musu wutar da ba a shirya musu ba, taransifoma su yi zafi. Ranar 13 ga Maris 1989 ta jefa mutane miliyan 6 cikin duhu na awa 9 a lardin Kebek na Kanada. Gaskiya ne ƙasashe masu kusa da ƙuryar arewa sun fi mu shiga haɗari, amma a 2003 ta lalata manyan taransifoma a Afirka ta Kudu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu da muka ga yadda masu ƙanƙara da masu injin niƙa suka ji jiki lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agusta 2023, mun san tsadar duhu.

Bayan wuta akwai sadarwa. Guguwar tana dagula saman sararin da gajeren zangon rediyo ke bi, tana kuma ɓatar da na'urar GPS. A guguwar 10 ga Mayu 2024, wadda ba a ga irinta ba tun 2003, manoman Amurka da yawa sun tsayar da shuka saboda taraktocinsu sun kasa bin layi. Ma'aikacin da ke awon gona a Gidan Rumji da wannan na'ura, in ya dace da irin wannan rana, kuskuren ƴan mitoci na iya haɗa maƙwabta biyu shari'a.

Alhamdu lillahi, guguwar ba ta zuwa bagatatan. Ana hango aman rana kwana 1 zuwa 3 kafin ya iso, taurarin da ke gadi a nisan kilomita miliyan 1,5 kuma suna ba da gargaɗin ƙarshe. Ana watsa wannan labari kyauta a intanet. Ya kamata injiniyoyin Nijelek da masu awon filaye su riƙa duba shi kamar yadda manomi ke duban hadari, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi kuma ta horar da ɗalibai a wannan fanni, tun da ƙarfin rana kan hau ya sauka duk bayan kimanin shekaru 11. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.