Duwatsun Manzanni Goma Sha Biyu

A watan nan zan kai ku nesa, har ƙasar Ostareliya, inda aka tura ni wani ɗan kos na malamai a birnin Malbon. Ran wata Asabar sai mai masaukina, wani dattijo da ya taɓa aikin jinya a ƙasarmu har ya iya Hausa, ya ce in shiga mota mu tafi kallon teku.

Hanyar da muka bi ana ce da ita Babbar Hanyar Teku. Tsawonta kilomita 243, wato kamar daga Kano zuwa Kaduna da ɗan ɗori. Sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya su ne suka sare ta cikin dutse da diga da shebur, daga 1919 zuwa 1932, domin tunawa da 'yan'uwansu da suka mutu a yaƙin. Muna tafe, tudu a dama, teku a hagu can ƙasa, kwana bayan kwana.

Da la'asar muka iso kusa da garin Port Campbell. Nan na ga abin al'ajabi: manyan duwatsu tsaye cikin ruwa, kowane shi kaɗai kamar hasumiya, waɗansu sun kai mita 45. Sunansu Manzanni Goma Sha Biyu. Dattijo ya ce, “Malam, ƙirga.” Na ƙirga, na sami bakwai. Na ce, “Baba, ina sauran?” Ya yi dariya, ya ce tun da aka raɗa musu sunan ba su cika goma sha biyu ba, waɗanda suke nan kuma ruwa yana cinsu.

Ga yadda abin yake. Dutsen wurin mai laushi ne, irin wanda ake yin siminti da shi. Dā can duwatsun nan haɗe suke da gaɓa. Raƙuman ruwa suna bugun gindin gaɓar dare da rana, har su yi kogo. Kogon ya huje ya zama kamar ƙofar gari. Daga baya rufin ƙofar ya rufta, a bar ginshiƙi tsaye. Abin da ruwa yake ci a shekara kamar santimita 2 ne kawai, bai wuce faɗin babban yatsa ba. Amma a watan Yuli na 1990 da goma sha biyar, wato 2005, ɗaya daga cikinsu ya zube gaba ɗaya a idon masu kallo. A 1990 kuwa wata gadar dutse a kusa da nan ta karye, ta bar mutum biyu a tsakiyar ruwa, sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko su.

Ina tsaye a wurin sai ɗana na biyu ya faɗo mini a rai. Lissafi yana ba shi wuya, ni kuwa kullum da dare in na duba littafinsa sai in ce masa daƙiƙi. Ban taɓa dukansa ba, saboda haka ina ganin ban yi kome ba. Amma kafin in tashi ya riga ya daina kawo mini littafin, in na shigo gida sai ya sulale. Daga sama yaron yana tsaye, daga ƙasa ni ne nake cinsa.

Da na komo na kira shi na roƙi gafara. Bai ce kome ba ran nan. Sai bayan mako uku ya ajiye littafin a gabana.

Iyaye, Hausawa sun ce yau da gobe kan sa allura ginin rijiya. Wace kalma ce take fita daga bakinku kowace rana a kan ɗanku, ko matarku, ko mijinku? Ku bincika tun rufin bai rufta ba.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.