Injin Buga Fileks: Kafin Mu Taɓa Asusun Ƙungiya

A zamanmu na ƙarshe wata buƙata ta zo gaban kwamiti wadda ta raba kanmu biyu, har muka tashi ba mu cimma matsaya ba. Ɗaya daga cikin matasanmu, mai ɗan shagon rubuta allon talla da sitika a nan Kafanchan, yana neman rance daga asusun taimakon juna domin ya cika kuɗin sayen babban injin buga fileks. Tunda kuɗin na kowa ne, mun ga ya dace mu faɗi inda mu a sakatariya muka karkata da dalilinmu, kowa ya zo taro na gaba da nasa tunanin.

Mu fara da ba yaron nan gaskiyarsa. Yadda yake aiki yanzu shi ne ya tsara zane a kwamfuta, ya tura ta WhatsApp ga masu babban inji, wani lokaci a nan gari, in aikin ya yi girma ko layi ya yi tsawo kuma sai Jos ko Kaduna. A buga, a naɗe, a ba direba, shi kuma ya je tasha ya jira. Ranar da mota ta lalace a hanyar Kachia, ko direba ya manta ya wuce da kayan, shi mai biki zai tsare da faɗa. Mu kanmu mun ɗanɗana. Fileks ɗin taronmu na shekara ya iso ana saura awa biyu a fara, da kuskure a sunan babban baƙo, ba halin gyara, sai muka liƙa farar takarda a kan harafin. Duk wanda ya sha irin wannan sau uku, dole ya yi mafarkin injinsa na kansa.

Amma mafarki daban, lissafi daban. Bari mu yi na misali, kowa ya cire adadinmu ya sa nasa. A ce inji da janareto da sitabilaiza da kuɗin ɗauko su daga Legas sun tashi naira miliyan 6. A ce kuma in ya buga da kansa, naira 100 yake ragewa a kowace ƙafa ɗaya a kan abin da yake biyan masu inji, bayan an cire tawada da fileks da mai. Sai ya buga ƙafa 60,000 kafin kuɗin inji su dawo. Fileks mai ƙafa 3 da 6, irin wanda aka fi yi wa shaguna da ɗaurin aure, ƙafa 18 ne. Ke nan guda 3,300 da ɗoriya. In yana samun biyar kullum, kwana shida a mako, sai ya haura shekara biyu, kuma da sharaɗin babu abin da ya lalace, babu makon da kasuwa ta mutu. Da muka tambaye shi guda nawa yake yi a mako, sai ya ce "ana dai samu, Alhaji." Babu littafi. Nan ne hankalinmu ya fara tashi.

Abin da masu sayar da injin ba sa saurin faɗi shi ne, wannan inji ba ya son hutu. Kan da ke fesa tawada, irin su Epson XP600 ko i3200 da ake ɗora wa injinan China, ƙananan ƙofofi gare shi waɗanda ido ba ya gani. In aka bar shi kwanaki bai yi aiki ba, tawada ta bushe a ciki ta toshe shi. Don haka ko babu aiki sai an kunna an wanke, tawada na tafiya a banza. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Ga wuta da za ta iya ɗaukewa ana tsakiyar bugu, a yi asarar abin da aka fara, in ma ba ta dawo da ƙarfi ta ƙona wani abu a ciki ba. Shi kan nan ba a gyara shi a bakin kasuwa, sabo ake saya, kuma farashinsa dala yake bi. Mai gyaran ma sau da yawa sai an kira shi daga wani gari, a biya masa kuɗin mota da masauki.

Kowa ya san abin da ya faru da dala da fetur. Kafin 29 ga Mayu 2023 ana sayen lita ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da dama. Dalar da take wajen naira 460 a banki ta wuce 1,500 a farkon 2024. Tawada, fileks, sitika, duk daga waje suke zuwa. Mai babban inji a Jos ko Shomolu ta Legas yana sayen su da yawa a farashin sari, injinsa kuma ba ya tsayawa, shi ya sa yake iya bugawa da araha. Ƙaramin shago da ke sayen naɗi ɗaya-ɗaya ba zai kamo shi a farashi ba.

Sai batun kasuwar kanta. Aikin talla a yankinmu na lokaci ne. Daga Nuwamba zuwa Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ba a samun sararin cin abinci. Haka lokacin Sallah da Mauludi, da lokacin ɗaukar ɗalibai a kwalejin Gidan Waya da reshen KASU na nan gari. In damina ta sauka kuwa, kuɗi sun koma gona. Kuma mun ga yadda cutar da ta afka wa citta a 2023 ta busar da aljihun mutane daga Kachia har Jaba da Jema'a; wanda bai sayar da citta ba, ba zai sabunta allon shagonsa ba. Rance kuwa bai san damina ba, wata na ƙarewa yake ƙwanƙwasa ƙofa.

Masu goyon bayan a ba shi sun ce zaɓen 2027 zai biya kuɗin inji shi kaɗai. Muna girmama ra'ayinsu, amma mu tuna 2023. Manyan 'yan takara a Kaduna da Abuja suke buga kayansu, a kawo a mota. Abin da ke saura wa ƙananan shaguna shi ne aikin magoya baya da na ƙungiyoyin matasa, mafi yawa bashi, kuma ɗan takarar da ya faɗi ba ya ɗaga waya. Akwai masu allon talla a garin nan da har yau suke bin kuɗin wancan zaɓen.

To mene ne mafita? A ganinmu a ba shi rance, amma ba na babban inji ba. Ƙaramin injin yankan sitika ba ya amfani da tawada, ba abin da zai bushe a cikinsa, ɗan inbata da batir sun ishe shi, kuma da shi ake rubutun jikin mota da Keke Napep da gilashin shago da lambar gida. A haɗa masa da kwamfuta mai ƙarfin ɗaukar CorelDraw, da injin walda don ya riƙa haɗa firam da kansa. A nan ribar sana'ar take: zane, ƙarfe, da hawa tsani a kafa. Bugun fileks shi ne ɓangaren da kowa ke yi a kusan farashi ɗaya. Maganin jinkiri kuma, ya tsayar da mai inji guda biyu da zai riƙa hulɗa da su, ya nemi farashin dila, kada kuma a buga komai sai mai aiki ya karanta ya amince a rubuce. Da an yi haka da ba mu liƙa takarda a kan sunan baƙonmu ba.

Ba mu rufe ƙofar babban inji ba. Kafanchan mahaɗa ce tun da layin dogo ya haɗu a nan a 1927, kuma har yau mutanen Zonkwa, Kwoi, Manchok da Kagoro nan suke shigowa sayayya. In masu allon talla uku ko huɗu cikin 'yan ƙungiya za su haɗa jari, su kafa inji guda da zai riƙa buga musu tare da karɓar aikin shagunan waɗancan garuruwa, lissafin zai iya sauyawa, domin injin zai samu abin ci kullum. Sai dai haɗin jari na da nasa rikicin, kuma mun sha sasanta irinsa a wannan ofis, don haka sai da yarjejeniya a rubuce da mutum guda mai kula da inji.

Shawarar da za mu kai gaban taro ita ce ya buɗe littafi daga wannan watan: kowane aiki, ƙafa nawa, nawa ya biya mai inji, nawa direba, nawa aka biya shi, nawa ya rage bashi. Bayan wata shida, wanda zai haɗa da lokacin ciniki da lokacin fari, a zauna a duba. Muna roƙon 'yan uwa da suka taɓa riƙe irin wannan inji, musamman na Jos da Abuja, su halarta ko su aiko da bayani ta hannun ma'aji kafin ranar.

Sakatare