Ɗakin Wayoyi: Lakar Cibiyar Kwamfuta a Makaranta

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta hanyar kwamfuta. Wannan ya sa ɗalibin Karare, a ƙasar Batsari, ba shi da mafita sai ya saba da na'urar. Sai dai abin takaici shi ne, duk lokacin da aka tashi yi wa makaranta gata, kwamfutoci ake ƙirgawa, a manta da ɗan ɗakin da wayoyinsu ke haɗuwa. Wannan kuskure ne babba.

Duk ɗalibin ilimin halittu ya san cewa gaɓoɓi ba sa aiki sai da jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa laka. Haka cibiyar kwamfuta take. Daga kowane teburi waya ɗaya ke tashi, ta bi ta cikin bututu, ta ƙare a ɗakin wayoyi. Cikin kowace waya akwai siraran wayoyin tagulla 8, an murɗe su bibbiyu, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1881 don rage kutsen wutar lantarki. Ƙa'idar da aka fitar a Amurka a 1991 ta iyakance tsawon wayar a mita 90, da ƙarin mita 10 na gajerun wayoyin jonawa. In an zarce haka, saƙo ya fara raunana.

A cikin ɗakin akwai kantar ƙarfe mai faɗin inci 19, wadda ake ɗaure kayan a kanta. Na farko shi ne allon mahaɗa, inda dogayen wayoyi ke tsayawa, kowace da lambarta. Daga nan gajerun wayoyi ke kai su ga na'urar rarraba saƙo, wadda ke duba adireshin kowane saƙo ta miƙa shi ga mai shi. Sai kuma batirin ko-ta-kwana, mai riƙe na'urorin idan an ɗauke wuta.

Wani zai ce wannan tsari ɓarnar kuɗi ce, tunda ga intanet a wayar hannu. To, a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana. A irin wannan hali, makarantar da kwamfutocinta ke haɗe da juna za ta ci gaba da gwajin jarrabawa da karanta littattafan da aka adana a babbar kwamfutarta, domin cibiyar cikin gida ba ta jiran turken kamfanin waya.

Abokan gabar ɗakin uku ne: zafi, da ƙurar hunturu, da ɓera. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, shi ya sa yake gaigayar duk abin da ya samu. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka a toshe ramuka, a bar wa iska hanya, kada kuma a mayar da ɗakin ma'ajiyar tsintsiya ko buhunan gero.

Ya kamata shugabannin makarantu su ƙi karɓar aiki daga ɗan kwangila sai ya sa wa kowace waya lamba, ya gwada ta, ya kuma miƙa taswirar aikin. Malamai kuwa su riƙa buɗe wa ɗalibai wannan ɗaki, yadda ake buɗe musu ɗakin gwaje-gwaje. Yaron da ya iya bin waya daga teburi zuwa allo ya sami sana'a, makarantarsa kuma ta huta da jiran mai gyara daga Katsina.